Taku Ashirin Tsakanin Maharbi da Barewa

Kafin Yamai ta zama babban birnin Nijar a 1926, ba ta wuce ƴan unguwanni a gaɓar kogin Isa ba, kuma Maourey da Kalley da Gaweye da Zongo na cikin tsofaffinsu. Zongo masaukin fatake ce, Hausawa masu goro da tufafi da kanwa. Gaweye kuwa, inda babban otal mai wannan suna yake a yau kusa da gadar Kennedy, tarihin baka ya ce unguwar maharba ce. Ke nan falke da maharbi maƙwabtan juna ne tun farkon garin, kowa na cin moriyar kowa. Maharbi ke kawo nama kasuwa, ya kawo fata majema su jeme dukawa su ɗinka, ya kawo ƙaho da kitse da saiwoyi ga masu magani. A yau ɗan Zongo da ke son ganin namun daji sai ya taka zuwa gidan tarihi na Boubou Hama ya leƙa zaki da kura a keji. Kwari da baka kuwa galibi sai a gan su rataye a bango don ado.

Mai kallon bakan nan na bango yakan ɗauka gwanintar maharbi ƙarfin dantse ce da saitin ido. Akwai su, amma su ne ƙaramin kaso. Sakin kibiya bai wuce ƙiftawar ido ba. Abin da ya sa maharbi ya ci sunansa yana gaban harbin da bayansa: yadda ɗan Adam mai warin hayaƙi da gumi zai matso kusa da barewa har taku ashirin ba ta ankara ba, da yadda zai bi ta bayan kibiya ta shige ta har ya tarar da ita da sauran rai ya sa mata wuƙa.

Da farko a raba maharbi da ƴan farauta. Farautar rani taron gayya ce. Ana buga ganga, samari su fito da karnuka da sanduna da barandami, ƴan tauri na kirari, a kewaye daji ana ihu, abin da ya tashi a bi shi, wani lokaci a ƙare da faɗa a kan zomo guda. Irin mazan nan ne Kassu Zurmi ya yi suna wajen yi wa waƙa. Maharbi shi kaɗai yake fita, ko shi da ɗansa, tun kafin asuba, ba ganga ba kare ba magana. Sana'a ce ta gado mai shugabanninta, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, da makaɗanta masu komo, da sirrin da ba a faɗa wa bare.

Tsohuwar sana'a ce kuma. Garuruwa da yawa a ƙasar Hausa labarin kafuwarsu da maharbi yake farawa: ya biyo sawun nama, ya tarar da ruwa, ya kafa bukka, mutane suka taru. Tarihin Kano ya ambaci Barbushe, mutumin Dutsen Dala, a matsayin gawurtaccen mafarauci. Hannun da ya saba da barewa shi ake nema ranar yaƙi. A Tabkin Kwatto a 1804, ƴan baka ne suka tare dawakin Gobir. A Lougou, cikin ƙasar Arewa, a 1899, da kibau masu dafi mutanen Sarauniya Mangu suka tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine mai bindigogi.

Kayan aiki

Bakan maharbi ba shi da ƙawa. Reshe ne na itace mai taurin kai da ke lanƙwasa ba ya karyewa, irin ɗunɗu ko dargaza, a sassaƙe shi ya yi kauri a tsakiya ya sirance a baki biyu, a bar shi ya bushe a inuwa, a riƙa shafa masa mai don kada ya tsage. Tsirkiya daga fata ake yanko ta, a jiƙa, a murɗe, a miƙar har ta bushe. Raɓa da damina na sa ta saki, shi ya sa maharbi ke duba ta kowace safiya kafin ya duba komai.

Kibiya ta fi bakan cin aiki. Jikinta kyauro ne, wanda ake yanka a bakin fadama, a zaɓi miƙaƙƙe, a gasa karkatacce a kan garwashi a daidaita shi da hannu. Kan aikin maƙeri ne: ƙarfe siriri mai tsini, da kunne ɗaya ko biyu ko fiye da suka juya baya don kada ya fito da sauƙi in ya shiga. Ana cusa wutsiyar ƙarfen a cikin kyauron, a naɗe wurin da jijiya, a naɗe gindin ma inda aka yi wa tsirkiya gurbi don kada ya tsage. Kibiyar ƙasar Hausa galibi ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Nauyin ƙarfen gaba ne ke riƙe ta a hanya, kuma wannan riƙon na ɗan gajeren zango ne. Maharbin kirki ya san halin kowace kibiya a kwarinsa, ya san mai karkata dama da mai nutsewa da wuri, kuma akwai wadda yake ajiye wa babbar rana.

Baka irin wannan ba zai kayar da gwanki mai nauyin kilo 250 da ƙarfinsa kaɗai ba. Dafi ke cike gurbin. Tushensa kwankwani ne, wata itaciya mai hawa bisa wasu itatuwa, mai dogayen kwasfa bibbiyu cike da ƴaƴa. Ƴaƴan ake dakawa a dafa har su zama baƙin danƙo, kowane gida da abin da yake ƙarawa, wani tinya, wani tururubi, wani abin da ba zai faɗa ba ko da wuƙa a wuya. A daji ake wannan girki, nesa da yara da dabbobin gida. Ana shafa dafin a wuyan ƙarfen, bayan tsinin, a rufe kwarin da murfi. Aikinsa a zuciya yake. In ya shiga jini yakan rikita bugunta har ta tsaya, amma ba ya ratsa hanji da irin wannan sauƙin, shi ya sa ake yanke naman da ke kewaye da raunin a yar, a ci saura lafiya. Turawa ma sun zo sun tarar da wannan ilimi. A balaguron Livingstone na kogin Zambezi, tsakanin 1858 da 1864, likitansa John Kirk ya lura bugun zuciyarsa ya ragu bayan ya goge haƙori da burushin da ya gogi dafin wata ƴar'uwar kwankwani a aljihunsa. Daga nan Thomas Fraser na Edinburgh ya yi bincike a kanta, zuwa 1885 ta shiga cikin magungunan ciwon zuciya.

Karatun daji

Ɗan maharbi ba da barewa yake farawa ba. Yana ƙarami ake yi masa ɗan baka da kibiyar kara marar ƙarfe, ya addabi ƙadangaru da kurciyoyi a bayan gida. Daga nan zomo da zabo. In ya isa bin uban, aikinsa ɗaukar gorar ruwa da burgami, da rufe baki. Shekaru zai yi yana tafe a baya yana kallon inda Baba ke kallo.

Darasin farko sawu ne. Kofaton barewa ya fi na akuya sirantaka da tsini, na gada ƙarami ne, na gwanki faffaɗa mai nutsewa a ƙasa. Sanin mai sawun somin-taɓi ne, sanin lokacinsa shi ne karatun. Sabon sawu bakinsa a tsaye yake, ƙasar cikinsa ta fi ta waje duhu. In iska ta fara zubar da gefensa, ya jima. In ƙwaron dare ya ja layi a kansa, tun jiya ne. In an taka raɓa an kaɗe ta daga ciyawa, da asubar nan aka wuce. Maharbi zai ɗauki kashin dabba ya murje a yatsa, danshinsa ya gaya masa tazarar da ke tsakaninsu, abin da ke cikinsa ya gaya masa inda ta yi kiwo. Ya san lokacin da gawo ke zubar da kwasfa, da lokacin aduwa da magarya da kanya. Ya san tafkin da ke daɗewa bai ƙafe ba, da wurin da ƙasa ke da gishiri dabbobi na zuwa lasa, irin wuraren da ke cikin Dallol Bosso da Dallol Mawri. Ya san bayan an ƙone daji tohon ciyawa zai fito, kuma barewa ba ta iya haƙuri da shi.

Darasi na biyu iska. Barewa na iya shakkar abin da ta gani, ta tsaya ta ƙara dubawa. Tana iya jin ƙaras ta ɗaga kai, ta koma kiwo. Amma abin da hancinta ya gaya mata ba ta neman shaida a kansa, ƙafa kawai take ba iska. Don haka maharbi kan riƙe ɗan ƙullin toka, ko ya ɗebi ƙura ya saki, ya ga inda ta nufa, ya tabbata iskar daga wurin dabbar take zuwa fuskarsa. In ta juya, zai yi zagayen rabin sa'a don ya gyara matsayi, ko ya haƙura da wannan garken gaba ɗaya. Hunturu na taimakonsa ta nan, domin iskarsa daga arewa maso gabas take, ba ta cika sauya ra'ayi ba. Sai dai yana cutarsa ta wani gefen, domin busasshen ganye ƙara gare shi, dole a taka da gefen ƙafa, a ji abin da ke ƙasa kafin a sauke nauyi.

Daji kuma cike yake da ƴan rahoto. Zakaran ƙeƙuwa in ya hango mutum a bakin ruwa sai kowa ya ji. Carki da ke bin bayan gwanki da ɓauna yana cin kaska, shi ne mai gadinsu. Gwaggon biri in ya yi haushi daga kan dutse, farautar wannan kwarin ta tashi. Maharbi na lura da su duka, kuma shirunsu ma labari ne a wurinsa.

Shigar burtu

A fili mai ƙarancin itace, inda babu sabara ko suri da za a laɓe, maharban ƙasar Hausa da na Nufe sun ƙago dabarar da ta fi kowace ban sha'awa. Burtu babban tsuntsu ne baƙi, tsayinsa ya kusa mita guda, a ƙasa yake yini yana tsintar fara da ƙadangaru a tsakanin dabbobi masu kiwo. Sun saba da shi, ba sa ɗaga kai dominsa. Sai maharbi ya sassaƙa wuya da kan burtu da itace, ya lulluɓe da baƙar fata, wani ya sa bakin tsuntsun na gaske, ya yi masa ado da jajayen ƴaƴan idon zakara, ya ɗaura a goshi. Ya rufa da baƙin zane, ya durƙusa, baka da kibiya a ƙarƙashinsa.

Sanya kan ba shi ne aikin ba. Sai ka san tafiyar burtu: taku biyu uku, ya sunkuya ya yi tsinto, ya ɗago ya duba gefe, ya yi kamar zai koma, ya sake sunkuyawa. Burtu ba ya nufar barewa kai tsaye, don haka maharbin ma ba zai nufe ta ba. Zai bi ta karkace, yana rage tazara kaɗan-kaɗan kamar ba da gangan ba. In ta ɗago ta zuba masa ido, ba zai daskare ba, domin tsuntsun da ya daskare abin tuhuma ne. Sai ya ci gaba da tsintonsa har ta gaji ta mayar da kai. Yana iya cin sa'a guda ko fiye a kan tazarar da mai tafiya zai gama cikin minti uku, gwiwa a kan ƙaya da tsakuwa mai zafi, ƙuda na shiga ido ba damar kora. Wanda bai taɓa tsayawa ya ƙare wa burtu kallo na kwanaki ba, ba zai iya ba. Har yau in aka ce wani ya yi shigar burtu, kowa ya san an zo da fuskar aminci ne da kibiya a ɓoye.

Me ya sa sai an matso haka? Lissafi ne mai sauƙi, ko da maharbi bai taɓa sa shi a takarda ba. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, kibiyar bakan itace kuwa wajen mita 50. Ƙarar tsirkiya kan riga kibiya isa kunnen barewa. A tazarar mita 15 ko 20, abin da ya rage mata bai kai rabin daƙiƙa ba. A mita 40 tana da fiye da rabin daƙiƙa, kuma wannan ya ishe ta ta duƙa ta zabura, kibiya ta wuce ta saman baya ko ta same ta a cinya. Taku ashirin zuwa talatin shi ne iyakar da kayan aikin suka yanka wa maharbi, duk sauran gwanintarsa don ya kai kansa cikin wannan iyaka ne.

Harbin fari

A ce yau ranar yaron ce. Ya kai shekara goma sha biyar ko sha shida, uban ya zaro kibiya mai dafi daga kwarinsa ya miƙa masa, ya koma bayan geza ya zauna. Ga namijin barewa yana kiwo, jan goshinsa na ɗaukar hasken safiya, baƙin layin gefen cikinsa a fili, jela na kaɗawa. Yaron da ke faɗo da kurciya daga kan tsamiya ba kuskure, yau gabansa na dukan uku-uku, bakinsa ya bushe, yatsunsa na rawa a kan tsirkiya. Babu maharbin da wannan bai sama ba, kuma ba a koyon maganinsa a bayan gida.

Abin da aka yi shekaru ana nanata masa shi zai riƙe shi. Kada ka ɗaga baka tana kallonka, jira ta sa kai ƙasa ko ta waiga. Kada ka harbi mai fuskantarka, ƙirjinta siriri ne kuma ƙashi ya tare shi, jira ta ba ka gefe ko ta ɗan juya maka baya. Kada ka kalli ƙaho, kada ka kalli barewa gaba ɗayanta, zaɓi wuri guda a bayan kafaɗa, inda huhu da zuciya suke, ka manta da saura. Ka ɗana kibiya tun da wuri, ka ja a hankali ba fizga ba, ka yi bisimilla, ka saki. Bayan ka saki kada ka tashi.

Ana cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. A kasuwa ko a siyasa wataƙila haka ne, amma a wurin maharba kuskure tsaf ya fi. Wadda aka kuskure ta tsira, gobe ma rana ce. Wadda aka sama a mugun wuri za ta yi nisa da raunin, ta mutu a inda kura da ungulu ne kawai za su amfana, an yi asarar rai da nama da kibiya. Shi ya sa ake yaba wa yaron da ya ja baka ya ga wurin bai yi ba ya mayar, kamar yadda ake yaba wa wanda ya harba ya samu.

Kibiya ta shiga, barewa ta yi tsalle ta ɓace a cikin sabara. Nan jikin yaro zai ce masa ya ruga. Uban zai dafa kafaɗarsa ya ce, “Zauna tukuna.” Dabbar da aka harba in ba ta ga mai bin ta ba, ba ta cika yin nisa ba, takan nemi inuwa ta tsaya. In aka taso ta da wuri, tsoro zai ba ta ƙarfin da za ta yi tafiyar da ba a zata ba. Amma jiran ma yana da iyaka, kuma iyakar addini ne ya sa ta. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, dabbar da kaifin makami ya kashe bayan an ambaci sunan Allah halal ce ko ba a riski yanka ta ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta sa sharaɗin kada ta kwana ba a gan ta ba, ta kuma karhanta farautar da aka yi don wasa kawai. Muhtasar na Halil ya kawo batun makami mai dafi a cikin wuraren da ba a ci, domin ba a tabbatar ko kaifin ne ya kashe ko dafin ba. Saboda haka maharbi musulmi mai kibiyar dafi yana tsakanin abu biyu: in ya yi gaggawa ta tsere masa, in ya yi nawa ya tarar da mushe. Sanin wannan tsakani, daga girman dabbar da wurin da kibiya ta shiga da ƙarfin dafin bana, shi ne ƙololuwar sana'ar.

Sai su tashi su je daidai inda take tsaye lokacin harbin. Uban zai bar yaron ya karanta da kansa. Jini ja wur mai kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu na hanta ne, a ƙara mata lokaci. In da ɗanyen tumbi a ciki, an samu ciki, aiki ya yi tsawo. Ba a taka kan sawun, a gefensa ake bi, don in ya ɓace a dawo a sake. Ana duba ƙasa, ana duba ganye daidai tsayin raunin, ana duba inda kofato ya fara ja ko ya buɗe saboda tangaɗi. In jini ya yanke, a sa alama a ɗigon ƙarshe a yi zagaye. Ido ɗaya kuma yana gaba, domin gwanki ko ɓauna mai rauni kan juyo ya yi kwanto. Can a gindin kalgo za a same ta kwance, tana numfashi sama-sama. Yaron zai zo ta bayanta ya kama ƙaho, ya fuskantar da ita gabas, ya yanka.

A nan take za a zare kibiya, a yanke kewayen raunin a binne, a farke ciki kafin rana ta ɓata naman. Yaron ne zai saɓo ta a kafaɗa har gida, kilo ashirin da wani abu ko talatin, kuma ba zai ji nauyinta ba. Naman ba nasa ne shi kaɗai ba: akwai rabon manyan sana'a, da na dangi, da na maƙwabta. Abin da ya zama nasa shi ne daga ranar in maharba na zance, yana da bakin magana.

A wasu wurare

Wanda ke son ganin wannan duniya da idonsa, akwai fim ɗin Jean Rouch na 1965, “La chasse au lion à l'arc”, wanda ya ɗauki shekaru yana ɗauka a yankin Yatakala, kan iyakar Nijar da Mali da Burkina Faso. Ya nuna maharban Songhai, waɗanda ake kira gaw, tun daga ƙirar kan kibiya da dafa dafi har zuwa ranar da makiyaya suka kira su ga zakin da ya addabi shanunsu. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, kuma a Yamai kabarinsa yake.

A Amurka kuwa sana'ar mutuwa ta yi aka tashe ta. A 1911 wani mutum mai suna Ishi, na ƙarshe a ƙabilar Yahi, ya fito daga dajin Kalifoniya. Likitansa Saxton Pope ya koyi sassaƙa baka da sanɗa a wurinsa, har da dabarar ɗaura kan barewa a ka don a yaudari ƴan'uwanta, wato dai burtun can. A 1934 jihar Wisconsin ta ware wa masu baka lokacin farautarsu na musamman. A 1969 Holless Wilbur Allen ya samu rajistar baka mai ƴan gare-gare a baki biyu, wanda irinsa na yau ke jefa kibiya kusan mita 90 a daƙiƙa. Miliyoyin mutane ke fita da shi duk kaka suna neman barewarsu mai ƙaho mai rassa, wanda ke zubewa ya sake tsirowa duk shekara. Ba sa sa dafi, kaifin kan kibiya suke dogara da shi. Duk da haka yawancin harbinsu a kusa ake yinsa, wajen mita 20, suna gwada iska da hoda, sabon shiga na rawar jiki, ana jira kafin a bi jini. Kayan sun sauya, hancin barewa bai sauya ba. Wani abin lura kuma, wannan barewa tasu ta ragu zuwa ƙasa da miliyan 1 a wajen 1900, yau tana kusan miliyan 30. Dokar lokacin farauta da ta adadi, da kuɗin lasisi, da harajin makamai da aka sa a 1937 don kula da namun daji, su suka dawo da ita.

Inda muke

A nan gida labarin ya juya. Ba kibiya ce ta ƙarar da namun dajin Sahel ba, domin ƙarni nawa aka yi ana harbi da ita daji bai ƙare ba. Mai baka na iya yini uku bai samu ko ɗaya ba. Farin 1973 da na 1984 sun yi ɓarna, gonaki sun cinye daji yayin da jama'ar Nijar ta tashi daga miliyan 3 da ɗoriya a 1960 zuwa fiye da miliyan 17 a ƙidayar 2012, sannan ga masu mota mai shiga rairayi da bindiga mai sarrafa kanta, waɗanda ke share garke cikin yammaci guda ba tare da sun san sawu ko iska ba. Barewa mai jan goshi ta shiga jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Abin da ya rage ya taru a ƴan wurare: gandun dajin W, mai nisan kusan kilomita 150 kudu da Yamai, wanda aka kafa a 1954 ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1996, da Gadabeji ta jihar Maraɗi tun 1955, da Termit da Tin Tumma tun 2012. Shi kansa W rashin tsaro ya sa shigarsa ta yi wuya a shekarun nan. Doka mai lamba 98-07 ta 1998 ita ke tsara farauta a ƙasar, ta ware dabbobin da ba a taɓawa sam, ta sa sharuɗɗa a kan saura.

Akwai shaidar cewa in an dage ana iya dawo da abin da ya kusa tafiya. Raƙuman dawa na Kouré, kilomita 60 daga Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Da aka hana taɓa su, aka jawo mutanen ƙauyukan cikin aikin, sun haura 600, har aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a 2018. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da mai sanin sawu, mai iya cewa garke nawa ne, ina suka sha ruwa, wa ya bi su jiya da dare. Babu makarantar da ke koyar da wannan kamar gidan maharbi.

Don haka kira biyu ne. Ga hukumomin gandun daji: ƴaƴan maharba su ne ma'aikatan da kuke nema, a ɗauke su bin sawu da ƙidaya da gadi, a biya su, kafin yunwa ta mayar da su masu yi wa ɓarayin daji jagora. Ga masu bincike a Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyoyin IRSH da CELHTO da ke nan Yamai, da ma duk mai wayar da ke ɗaukar murya: tsofaffin da suka taɓa ɗaura burtu sun yi ƙaranci. Wanda ke da irinsu a danginsa, a Dogon Dutsi ne ko Gaya ko Tibiri ko Filinge, ya je ya zauna da su tun suna iya magana, ya tambayi sunayen dabbobi da itatuwa da yadda ake karanta ƙasa, ya rubuta. Yara kuma a koya musu baka a kan abin bara, a bar ƴar barewar da ta rage ta hayayyafa, domin in babu barewa babu maharbi.